Matsalar zafin injin mota a hanyar Birnin Gwari

Sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari da gwamnan jihar Kaduna Uba Sani ya yi a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2024, bayan sulhun da aka ƙulla da wasu 'yan bindigar yankin, ya sa motoci suka ƙaru a kan hanyar da ta tashi daga Mando a Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari. Tafiya ce ta kimanin kilomita 120, kuma kaso mai yawa daga cikinta daji ne.

Wannan hanya ta shafe shekaru tana cikin mafiya haɗari a arewacin Najeriya. A shekarar 2018 an yi ta samun rahotannin tare motoci da sace matafiya, kuma akwai lokutan da direbobi ba sa shigarta sai da rakiyar jami'an tsaro. A garin Kuriga da ke kan hanyar ne aka sace 'yan makaranta ranar 7 ga watan Maris na 2024. Dajin Kamuku da na Kuyambana da ƙauyukan da ke tsakanin jihohin Kaduna da Neja, irin su Kusasu, duk sun ɗanɗana kuɗarsu.

A irin wannan wuri, lalacewar mota ba asarar kuɗi da lokaci kawai ba ce. Ko da a zaman lafiya ne, motar da ta tsaya a tsakiyar daji da fasinja goma sha takwas, da mata da ƙananan yara, nesa da makanike da ruwan sha, ta jefa mutane cikin wani hali. Kuma daga cikin abubuwan da suka fi tsayar da mota a hanya akwai zafin inji, wanda makanikai ke kira obahitin.

Abin lura shi ne, zafin inji ba shi ne ciwon ba. Alama ce, tamkar zazzaɓi a jikin mutum. Lokacin da zafin yake tashi, da yanayin da yake sauka, su ne ke nuna inda matsalar take, kuma yawanci mota takan yi kwanaki tana ba da wannan alama kafin ta tsaya.

Yadda inji ke sanyaya kansa

Daga cikin ƙarfin da ke cikin man fetur, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke juya ƙafafun mota. Kusan kashi ɗaya yana fita ta salansa a matsayin hayaƙi mai zafi, saura kuwa ƙarfen injin ne ke shanye shi. Wannan kaso na ƙarshe shi ne aikin ruwa.

Famfon ruwa yana tura ruwan ta wasu hanyoyi da ke kewaye da silinda da kan injin, inda yake ɗauko zafi. Daga nan ya bi tiyo zuwa lagireto, ya rarrabu cikin ƙananan bututu, iskar da ke ratsawa ta ɗauke zafin, sa'annan ya koma cikin injin. Idan mota tana gudu, iskar hanya ta wadatar. Idan tana tsaye ko tana jan jiki, fanka ce ke jawo iskar.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ba a cika damuwa da su ba, alhali kuwa su ne ke riƙe da tsarin. Na farko shi ne tamostat, wata ƙofa da ke rufe hanyar lagireto har sai ruwa ya kai digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Selsiyos, gwargwadon irin injin. An ƙera injin mota ne domin ya yi aiki da zafi, a tsakanin digiri 85 zuwa 105, ba da sanyi ba.

Na biyu shi ne murfin lagireto. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, a ƙasa mai tudu kamar Kaduna ma ba ya kaiwa hakan, yakan tafasa a wajen 98. Murfin yana riƙe ruwan cikin matsi, kamar yadda tukunyar matsi ke yi a ɗakin girki. Lambar 0.9 ko 1.1 da ke rubuce a kan murfin motoci da yawa ƙirar Japan ita ce ma'aunin wannan matsi, kuma da shi ruwa zalla ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan robar murfin ta mutu, ruwan zai soma tafasa a zafin da lafiyayyen inji ke kaiwa kullum a kan tudu.

Abin da ya sa hanyar ke wahalar da inji

Galibin motocin haya da ke zirga-zirga a irin waɗannan hanyoyi 'yan Kwatano ne: Golf da Sharan na kamfanin Volkswagen, da bas ƙirar Toyota Hiace. Golf samfuri na uku, wadda har yanzu ake ji da ita a tashoshin arewa, an fara ƙera ta ne a shekarar 1991. Tiyon roba da kan lagireto na leda da suka kwana biyu haka, sun riga sun bushe sun yi gautsi.

A kan wannan kuma aka ɗora lodi fiye da kima, da zafin watannin Maris da Afirilu da kan haura digiri 35, da ramukan da ke tilasta wa direba tafiya da ƙaramin giya, da tsayawa a shingayen jami'an tsaro inji yana kunne. Motocin da ke barin kwalta su shiga ƙauyuka ɗaukar masara ko gawayi suna kwasar ƙura da rani, laka da damina, da tsabar ciyawa da kaka, kuma duk a fuskar lagireto suke taruwa.

Lokacin da allura ke tashi

Tambayar farko da ƙwararren makanike ke yi ita ce, yaushe motar take zafi?

Idan allura tana tashi ne a cunkoso ko a shinge, amma tana sauka da zarar an kama hanya, to matsalar iska ce, kuma fanka ce abin zargi. A motocin da fankarsu ta lantarki ce, ana duba fis, da rile, da ɗan makunnin da ke tayar da ita idan ruwa ya yi zafi, sa'annan fankar kanta. A motocin da inji ne ke juya fankar ta hanyar bel, akwai wani kuloci mai ɗauke da mai a tsakiyarta. Idan ya mutu, fanka za ta yi ta juyawa a ido amma ba ta jan iska. Alamarsa ita ce, bayan an kashe inji mai zafi, fankar tana juyawa sakwaf idan aka tura ta da hannu.

Idan kuwa motar tana lafiya a cikin gari, amma tana zafi a kan doguwar hanya, ko hawan tudu, ko da kaya, to lagireto ne ba ya iya ɗauke zafin da ake ba shi. Ko dai fuskarsa ta toshe daga waje, ko bututunsa sun toshe daga ciki da tsatsa da ƙanzon ruwa. Bayan an kashe inji, a kuma tabbatar fanka ba za ta tashi ba, ana iya shafa fuskar lagireto a hankali: inda aka ji sanyi a tsakiyar zafi, ruwa ba ya bi ta wurin. Tiyon ƙasa da ya yi laushi shi ma yakan lotse idan inji ya ɗauki gudu, ya shaƙe ruwan. Haka nan famfon da fikafikansa suka cinye. A wasu injinan Volkswagen fikafikan na leda ne, kuma sukan tsage su daina juyawa ba tare da an ga yoyo ko an ji ƙara ba.

Idan allura ta haura cikin mintuna goma zuwa goma sha biyar da tayar da inji, alhali akwai ruwa cike, kuma lagireto da tiyon da ke fita daga tamostat suna nan da sanyi, to tamostat ne ya maƙale a rufe. Gwajinsa ba wuya: a cire shi a jefa a tukunyar ruwa a kan wuta. Lafiyayye zai buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Idan allura tana hawa tana sauka ba kan gado, sau da yawa iska ce ta shiga tsarin, musamman bayan an sauya tiyo ko an zubar da ruwa ba a fitar da iskar ba. Ko kuma ruwan ne ya yi ƙasa.

Ruwan da ke ɓacewa

Tsarin sanyaya inji rufaffe ne. Lafiyayyar mota takan yi watanni ba ta nemi ƙari ba. Saboda haka al'adar yaron mota ya zuba jarka guda a lagireto kowace safiya ba kulawa ba ce, shaida ce cewa akwai inda ruwa ke zurarewa.

Wuraren da ake dubawa su ne bakin kowane tiyo, da inda ledar lagireto ta haɗu da ƙarfensa, da ƙarƙashin famfon ruwa inda akwai wata 'yar ƙofa da ke ɗiga idan robar ciki ta mutu, da kuma ƙarƙashin ƙafar fasinjan gaba, inda hita take. Ƙaramin yoyo yakan bushe a jikin inji mai zafi kafin ya kai ƙasa, amma yana barin farin tabo ko mai launi. Akwai ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa tsarin inji yana sanyi, nan take yoyon zai bayyana. Da shi kuma ake gwada murfin.

Idan ruwa yana ƙarewa ba a ga yoyo ba, kuma murfin lafiya yake, sai hankali ya koma kan gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wanda makanikai ke kira tof gaskit. Alamominsa sanannu ne: farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, kumfa da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa a bakin lagireto, tiyon sama da ke yin tauri jim kaɗan da tayar da inji, baƙin mai da ya koma kamar shayi mai madara, da inji da ke tangarɗa da safe. Fulogin silindar da ruwa ke shiga yakan fito fes, tamkar an wanke shi. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ke komawa rawaya idan hayaƙin inji yana shiga lagireto.

A nan ne ake yawan asarar kuɗi. Ƙonewar gaskit galibi sakamakon zafi ne, ba sanadinsa ba. Wanda ya sauya gaskit bai gano abin da ya fara jawo zafin ba, zai dawo gareji da matsalar. Kan injin motocin zamani na alminiyam ne, kuma zafi yana lanƙwasa shi, don haka sai an auna shi, an kai shi an daidaita fuskarsa idan da buƙata, kafin a mayar.

Ba kullum laifin ke cikin tsarin ruwa ba. Birkin da ya kama, ko baƙin mai da ya yi ƙasa, ko saitin wutar inji da ya goce, duk suna ƙara zafi. Wani lokacin ma allurar ce ko na'urar da ke aika mata saƙo ke ƙarya.

Batun cire tamostat

Da wuya a sami garejin da ba a taɓa jin wannan magana ba: wai tamostat na ƙasashen sanyi ne, motar da ta shigo Najeriya ba ta buƙatarsa. Saboda haka akan cire shi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja guda. Tamostat ɗin da ya maƙale yana iya kashe inji, kuma a tsakiyar daji cire shi domin a isa gari dabara ce mai kyau. To amma a matsayin gyara na dindindin, illarsa ta fi amfaninsa. Sababbin motocin da ake sayarwa a Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Gulf, inda zafi kan kusanci digiri 50, duk da tamostat ɗinsu suke zuwa.

Tamostat ba ya ƙara wa inji zafi. Iyakarsa ya hana shi yin sanyi fiye da kima. Da zarar ya buɗe, yawan zafin da za a iya fitarwa ya rataya ne a kan lagireto da fanka da famfo. Idan cire shi ya sa allura ta sauka, to an ɓoye matsalar ne, kuma za ta bayyana ranar da aka yi lodi a kan tudu. A injina da yawa kuma, tamostat yana da faifai na biyu da ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya kewaya cikin inji. Idan aka cire shi, wannan hanya za ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa ba tare da ya bi ta lagireto ba.

Sa'annan akwai batun mai. Injin da bai kai zafinsa ba, musamman da safiyar hunturu, kwamfutarsa takan ci gaba da ba shi mai da yawa kamar yanzu aka tayar da shi. Rarar man tana wanke baƙin mai daga jikin silinda, abin da ke saurin cinye ringin fistan. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga direban haya. Fankar da ke juyawa ba hutu ita ma takan mutu da wuri, kuma ba ta yin sallama.

Ruwan rijiya da ruwan kanti

Ruwa zalla yana ɗaukar zafi da kyau, har ma ya ɗan fi gaurayen da ake sayarwa a galan. Matsalarsa ita ce tsatsa da ƙanzo. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da ma'adinan da ke daskarewa a bututun lagireto, kamar yadda ake gani a gindin butar dafa shayi. Ruwan rafi kuwa yana ƙara da yashi da laka.

Ruwan sanyaya inji na kanti yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, kuma idan aka haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa yana ɗaga ma'aunin tafasa da kimanin digiri 7 zuwa 8. Tsohon samfuri ana sauya shi duk shekara biyu, sabo kuwa yakan kai biyar. Launinsa ba ya tabbatar da irinsa, kuma haɗa iri biyu na iya sa su yi kauri su toshe hanya, don haka abin bi shi ne wanda kamfanin motar ya ayyana. Ya kamata a sani kuma cewa guba ne mai ɗanɗanon zaƙi da ke lalata ƙoda. Ba a barinsa inda yara ko dabbobi za su kai baki.

Dabarun toshe yoyo da ɗanyen ƙwai ko garin taba sukan kai mota gari, amma abin da ya toshe ɓular shi ne zai toshe bututun. Lagireton da aka yi wa haka sai an wanke shi an gyara daga baya.

Idan allura ta tashi a tsakiyar daji

A wurin da tsayawa ke da haɗari, direba yana auna abu biyu ne, lafiyar inji da lafiyar fasinja. Idan allura ta haura tsakiya amma ba ta kai ja ba, kuma babu tururi, akwai sauran dama. A kashe na'urar sanyaya mota, a rage gudu, a kunna hita har ƙarshe a sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ne, kuma yana iya rage zafin da zai kai mota ƙauye ko shinge na gaba.

Idan hita ta busa iska mai sanyi alhali allura tana sama, to ruwa ya ƙare ko famfo ya tsaya. Idan fitilar batir ta kama tare da tashin allura, mai yiwuwa fambel ne ya tsinke. Idan allurar da ke sama ta faɗo ba zato, ba lallai sauƙi ne ya samu ba, domin na'urar aunawa ba ta karanta daidai idan babu ruwa a jikinta. A duk waɗannan halaye, ko idan an ga tururi, ko ƙarfin mota ya ragu, mintuna kaɗan sun isa inji ya buga. Inda tilas sai an gusa, abin da ya fi shi ne a yi gajeriyar tafiya, a kashe inji ya huce, a sake gusawa.

Ba a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, kuma da zarar matsin ya tafi zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. A jira aƙalla rabin sa'a, har sai tiyon sama ya yi laushi, sa'annan a ɗora tsumma mai kauri a murɗa a hankali. Ba a kuma kwarara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi ko a kansa, saboda ƙarfen na iya tsagewa. Bayan ya huce, a zuba ruwan kaɗan kaɗan. A irin wannan hali kowane ruwa mai tsabta ya fi babu.

Kafin a bar tasha

Mafi yawan abubuwan da aka lissafa ana iya gano su cikin mintuna goma a Mando ko a tashar Birnin Gwari, tun inji yana sanyi: a duba ruwa da baƙin mai, a matsa kowane tiyo a ji ko ya yi laushi ko ya tsattsage, a duba robar murfi da ƙarfin fambel, a leƙa ƙarƙashin mota, a wanke fuskar lagireto daga baya zuwa gaba, a kuma bar inji ya ɗumama har a ga fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya.

Jarkar ruwa mai lita goma, da fambel da murfi da fis na ajiya, da 'yan ƙarafan ɗaure tiyo, duk ana samun su a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na sayen wani inji ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ke kula da layin lodi su ne suka fi kowa sanin motar da ke shan jarka guda kowace safiya, kuma suna da ikon hana ta lodi har sai an gyara ta. Fasinjan da ke kujerar gaba shi ma yana ganin allurar, kuma yana da hakkin ya yi magana tun mota ba ta wuce Buruku ba.